Miroslav Krleža, marubucin da ya ƙi yarda a mai da alƙalami kurtu

A filinmu na tarihin mashahuran mutane yau za mu leƙa Turai ta tsakiya, ƙasar Kuroshiya, wadda a da take ɗaya daga cikin jamhuriyoyi 6 na tarayyar Yugosilabiya. Mutumin da za mu yi magana a kansa sunansa Miroslav Krleža, ana kuwa furta sunan kamar Kirleja. An haife shi a birnin Zagreb ran 7 ga watan Yuli 1893, a nan kuma ya rasu ran 29 ga watan Disamba 1981. Cikin shekarun nan 88 birnin nasa ya zauna ƙarƙashin masu mulki huɗu: daular Ostiriya da Hangari, masarautar Yugosilabiya, gwamnatin ƴan koren Hitila, sa'an nan mulkin kwaminis na Tito. Kowace daga cikinsu ta so mutumin nan ya yi shiru ko ya yi mata waƙa. Abin da ya yi da kowace, da abin da ya biya, da inda ya kasa, shi ne labarinmu.

Yaron da aka shirya wa aikin soja

Uban Krleža ƙaramin ma'aikacin ƴan sanda ne na birni, gidansu kuwa ba na masu hali ba ne. Wadda ta fi kowa riƙon yaron ita ce kakarsa, tsohuwa mai magana da karin harshen mutanen arewacin Kuroshiya, wanda ake kira kaikabiya. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu komo kansa.

A shekarar 1908 aka tura shi lakkol ta koyon aikin soja a garin Pécs na ƙasar Hangari, daga nan a 1911 ya wuce babbar makarantar hafsoshi ta Ludoviceum a Budafes. A zamanin nan Kuroshiya tana ƙarƙashin sarkin sarakuna na Biyana, matasa da yawa kuwa sun sa ido ga Sabiya, ƙasa mai ƴancin kanta, suna ganin ita ce za ta fid da ƴan'uwanta daga hannun baƙi. Krleža yana cikinsu. A lokacin yaƙe-yaƙen yankin Balkan ya tsere daga makaranta, ya nufi rundunar Sabiya don ya ba da kansa. A 1913 ya isa garin Skopje, amma maimakon maraba sai aka kama shi, ana zaton ɗan leƙen asirin Ostiriya ne. Da ƙyar ya tsira da ransa. Da ya komo gida, makarantar hafsoshi ta sallame shi. Ya tashi ke nan babu tsuntsu babu tarko, yana da shekara 20: waɗanda ya guda sun ɗauke shi maci amana, waɗanda ya nufa sun ɗauke shi ɗan leƙen asiri. Daga nan ya juya ga rubutu, a 1914 aka buga wasansa na farko, Legenda.

Yaƙin duniya na farko bai bar shi ba. A ƙarshen 1915 aka kira shi soja, ba da muƙamin hafsa ba, a 1916 kuma aka kai shi fagen daga a Galisiya, inda rundunar Rasha ta janar Brusilov ta afka wa sojojin Ostiriya. Ciwo ya mai da shi gida kafin ya daɗe, amma abin da ya gani ya ishe shi rubutu shekaru.

Ubangijin yaƙi da ƴan ƙauye

Littafin da ya fito daga wannan wahala shi ne Hrvatski bog Mars, watau Mars, gunkin yaƙin Kuroshiya, wanda aka fara bugawa a 1922. Gajerun labarai ne, jarumansu kuwa ba janar-janar ba ne, manoma ne na yankin Zagorje da aka raba da gonakinsu aka kai su mutuwa don sarkin da ba su taɓa gani ba. A ɗaya daga cikin labaran an hallaka ƴan ƙauye a kan wani tudu da ba shi da suna sai lamba a taswira, sa'an nan wani ma'aikaci ya zauna yana bincika wasiƙun da aka samu cikin aljihunsu, wasiƙun da ke maganar bashi da gona da rikicin gida. A wani labarin an shigar da mai karatu cikin bukkar asibitin bayan fage, wadda ake jibge waɗanda aka fid da rai gare su, manya kuwa suna can suna shagali. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsofaffin sojojinmu da aka kai yaƙin Turai zai gane wannan ciwo ba tare da an yi masa fassara ba.

Daular Ostiriya ta rushe a 1918, aka kafa masarautar Sabiyawa da Kuroshiyawa da Sulobeniyawa, wadda daga baya aka kira Yugosilabiya. Krleža, wanda juyin juya halin Rasha ya burge ƙwarai, ya karkata ga ƴan kwaminis. A 1919 shi da abokinsa August Cesarec suka kafa mujallar Plamen, ma'ana harshen wuta. A fitowarta ta farko ya rubuta maƙalar da ta kira adabin ƙasarsa na lokacin ƙarya, domin a ganinsa marubuta suna ta kirari ga jarumtakar da babu ita, talaka kuwa yana cikin yunwa. Hukuma ta rufe mujallar a shekarar nan. A ƙarshen Disamba 1920, ranar da za a fara nuna wasansa mai suna Galicija, gwamnati ta haramta jam'iyyar kwaminis, aka soke wasan kafin a ɗaga labule. Bai daddara ba: daga 1923 zuwa 1927 ya fitar da wata mujallar, Književna republika, ita ma daga ƙarshe aka hana ta.

A shekarar 1919 ne kuma ya auri Leposava Kangrga, wadda aka fi sani da Bela, malamar makaranta da ta zama shahararriyar ƴar wasan kwaikwayo a babban gidan wasa na Zagreb. Sun zauna tare shekara 62, ba su haihu ba.

Asirin manyan gidaje

Bayan ya gama da bariki, sai ya juya ga attajirai. Tsakanin 1928 da farkon shekarun 1930 ya rubuta wasanni uku a kan zuri'a guda da ya ƙaga, gidan Glembay: Gospoda Glembajevi, U agoniji da Leda. Na farkon ya fi shahara. Dare ɗaya ne na shekarar 1913 a gidan wani mai banki a Zagreb. Ɗansa Leone, mai zane, ya komo daga ƙasashen waje bayan shekara 11, ya fara tone-tone: dukiyar gidan an kafa ta a kan kisa da zamba, matar uban tana cin amanarsa, bankin kuma ya kusa karyewa. Kafin gari ya waye uban ya faɗi ya mutu, ɗan kuma, wanda ya yi ta gudun halin gidansu, ya kashe matar uban da almakashi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya tsana a jinin danginsa shi ya same shi. Bela ce ta fito a matsayin matar uban, har yau kuma wasan yana cikin waɗanda ake karantawa a makarantun Kuroshiya. A 1988 Antun Vrdoljak ya mai da shi fim.

A 1932 ya fitar da ƙagaggen labarinsa mai tsawo, Povratak Filipa Latinovicza, komowar wani mai zane garinsu bayan shekara 23, yana neman sanin ko wane ne ubansa, yana kuma neman dalilin da zai sa ya ci gaba da zane. A 1938, lokacin da mulkin kama-karya ya game Turai, ya fitar da Na rubu pameti, ma'ana a gaɓar hankali. Labarin wani lauya ne mai zaman lafiya da kowa. Wata rana a wajen liyafa wani babban mai masana'antu ya yi alfahari da cewa ya harbe manoma huɗu da suka zo satar giya a rumbunsa. Lauyan ya ce wannan laifi ne. Kalmar nan guda ta raba shi da matarsa da aikinsa da mutuncinsa, ta kai shi kotu da kaso da gidan mahaukata. A shekarar nan kuma ya soma Banket u Blitvi, labarin wata ƙasa ta ƙage da wani kanar yake mulka da bindiga, da abokinsa na ƙuruciya wanda ya tashi yana ƙalubalantarsa da alƙalami. Kashi na uku na littafin bai fito ba sai 1962.

Harshen kaka

Yanzu mu komo ga tsohuwar nan. Kuroshiyawa suna da manyan karin harshe uku, ana kiran kowane da kalmar da masu shi ke faɗa in suna tambayar mene: kaj, ča da što. Karin kaj yana da littattafansa tun ƙarni na 16, amma a shekarun 1830 masu fafutikar haɗa kan Sulabawan kudu, ƙarƙashin Ljudevit Gaj, suka zaɓi karin što ya zama harshen rubutu. Daga nan kaikabiya ta koma harshen kasuwa da gona da madafa, ƴan boko suna jin kunyarta.

Shekara ɗari bayan haka, a 1936, Krleža ya buga Balade Petrice Kerempuha a birnin Lubiliyana, waƙoƙi da wannan harshen da aka rena. Ya ɗauko shi daga bakin kakarsa da tsofaffin ƙamusoshi da littattafan coci, ya gauraya shi da kalmomin Latin da Jamusanci da Hangariyanci da Turkanci, watau harsunan duk waɗanda suka taɓa mulkin ƙasar ko suka yaƙe ta. Petrica Kerempuh wani shaƙiyyi ne na tatsuniyoyin jama'a, mai wayo da ba'a, kusan kamar Gizo a wurinmu. Ta bakinsa aka ba da tarihin ƙarni da yawa kamar yadda bawan gona ya gan shi: haraji, bulala, aikin tilas, igiyar rataya, da tawayen manoma na 1573 wanda aka kashe jagoransa Matija Gubec da azaba a Zagreb. Masana da yawa suna ɗaukar littafin nan a matsayin ƙololuwar aikinsa. Ya nuna cewa harshen da aka kora daga lakkol da ofis yana iya ɗaukar waƙa mafi nauyi, in ya samu mai yi masa hidima.

Faɗa da ƴan gida

Yaƙi da sarki da attajiri abu ne da ake sa rai ga marubucin hagu. Wanda ya fi wuya shi ne wanda Krleža ya yi da jam'iyyar da yake goyon baya. Ya ziyarci Tarayyar Sobiyet a 1925, ya rubuta littafin tafiyarsa, Izlet u Rusiju. Amma da aka shiga shekarun 1930, Mosko ta kafa doka cewa adabi ya zama bawan jam'iyya: a nuna ma'aikaci jarumi, a nuna gobe mai haske, a bar shakka da baƙin ciki. A 1933, cikin gabatarwar da ya rubuta wa littafin zane-zanen Krsto Hegedušić, Krleža ya yi gardama cewa kyakkyawar niyya ba ta mai da mummunan rubutu adabi, kuma baiwa ba ta karɓar umurni. Rigima ta tashi, ta ci gaba a mujallarsa Danas ta 1934, ta kai matuƙa a mujallar Pečat a 1939, inda ya buga doguwar maƙala mai suna Dijalektički antibarbarus, ya bi rubuce-rubucen masu sukarsa yana tone kurakuransu ɗaya bayan ɗaya. A lokacin nan labari yana zuwa daga Mosko cewa Stalin yana hallaka ƴan kwaminis, har da na Yugosilabiya da Krleža ya sani da ido. Jam'iyya, wadda Tito yake shugabanta, ta la'anci mujallar, ta kira mutanenta mabiya Trotsky, sunan da a zamanin nan yake iya zama hukuncin kisa.

Haka yaƙin duniya na biyu ya same shi, ba ya ga sarki ba ya ga jam'iyya. A watan Afrilu 1941 Jamus da Italiya suka mamaye Yugosilabiya, suka ɗora Ante Pavelić da ƙungiyar Ustaša a kan Kuroshiya, gwamnatin da ta yi wa Sabiyawa da Yahudawa da Romawa kisan kiyashi. A watan Yuli na shekarar aka harbe abokinsa August Cesarec, aka kuma harbe wasu marubutan hagu da suka yi gardama da shi a baya, kamar Ognjen Prica da Otokar Keršovani. An haramta littattafan Krleža, an tsare shi na ɗan lokaci. Gwamnatin Pavelić ta nemi ya karɓi muƙami, ya ƙi. Ƴan gwagwarmayar Tito sun kira shi ya fito daji, bai je ba, domin yana tsoron abin da tsofaffin abokan gardama za su yi masa. Ya zauna a Zagreb shekara huɗu bai buga ko layi ɗaya ba, sai rubutun ajiya da yake yi a ɓoye. Wani likita, Đuro Vranešić, ya ɓoye shi a asibitinsa a lokacin da haɗari ya yi yawa. Bayan yaƙi sabuwar gwamnati ta yanke wa likitan nan hukuncin kisa saboda alaƙarsa da gwamnatin da ta faɗi. Krleža ya yi roƙo a kansa, ba a saurare shi ba.

Kusa da mulki

A 1948 Tito ya ɓata da Stalin, Yugosilabiya ta kama hanyarta ita kaɗai. Abin da ya zama laifin Krleža jiya sai ya zama abin da ƙasa take bukata. A 1952, a babban taron marubutan Yugosilabiya a Lubiliyana, ya yi jawabin da ya rushe dokar adabin Mosko a ƙasar, ya nemi a bar wa mai fasaha ƴancin zaɓen abin da zai faɗa da yadda zai faɗe shi. Daga nan marubuta da masu zane na Yugosilabiya suka samu sararin da takwarorinsu na gabashin Turai ba su samu ba. Gardamar da ya fara a 1933 ya ci ta bayan shekara 19.

Tun 1947 yake mataimakin shugaban majalisar masana ta Zagreb. A 1950 ya shirya baje kolin fasahar Yugosilabiya ta tsakiyar zamani a Paris, a shekarar nan kuma ya kafa cibiyar harhaɗa ƙamusoshi da kundayen ilimi, wadda ya shugabanta har mutuwarsa. Babban aikinta shi ne kundin ilimin Yugosilabiya, juzu'i 8, daga 1955 zuwa 1971, ban da na aikin likita da na harkar teku da sauransu. Da hannunsa yake bin maƙalolin yana gyara, yana rubuta sharhi a gefe, domin ya yi imani cewa ƙananan al'ummu, in ba su rubuta tarihinsu da kansu ba, wasu za su rubuta musu shi yadda suka ga dama. Daga 1958 zuwa 1961 ya shugabanci ƙungiyar marubutan Yugosilabiya. A 1962 ya soma buga Zastave, ma'ana tutoci, dogon labari mai juzu'i 5 a kan tsararsa tsakanin 1912 da 1922, wanda ya samu kyautar NIN. A 1968 aka ba shi kyautar Herder.

To, a nan ne masu sukarsa suke tsayawa, kuma tarihin da ya ɓoye wannan bai cika ba. Mutumin da ya rubuta labarin lauyan da ya rasa komi don kalma guda, yanzu yana zaune a babban gida a unguwar Gvozd, yana cin abinci tare da shugaban ƙasa. A shekarun nan akwai tsibirin Goli Otok, inda aka azabtar da dubban fursunonin siyasa bayan 1948, akwai kuma marubutan da aka ɗaure don ra'ayinsu. Krleža bai fito fili ya la'anci wannan ba. Masu kare shi suna cewa ya gwammace magana a asirce, kuma ya ba mutane da yawa da aka kora mafaka da aiki a cibiyarsa. Masu sukarsa suna cewa wanda ya sha inuwar gemu ba ya iya jan gemun.

Sau ɗaya ya fito fili. A watan Maris 1967 ƙungiyoyin ilimi da adabi 18 na Kuroshiya suka fitar da sanarwa suna neman a san harshen Kuroshiya da sunansa, a ba shi matsayi daidai da sauran harsunan tarayya, maimakon a narkar da shi cikin abin da ake kira Sabo-Kuroshiyanci. Krleža ya sa hannu. Jam'iyya ta husata, aka nemi ya janye. Ya ƙi janyewa, ya ajiye kujerarsa ta kwamitin tsakiya na jam'iyyar a Kuroshiya. Yana da shekara 73, har yanzu maganar harshe ce ta sa shi ya ce a'a.

Abin da ya bari

Tito ya rasu a watan Mayu 1980, Bela a watan Afrilu 1981, shi kuma ya bi ta bayan wata 8. An binne shi a maƙabartar Mirogoj ta Zagreb a farkon Janairu 1982, da jana'izar ƙasa, sojoji suna fareti a bayan gawar wanda ya fi kowa tsine wa bariki. Ya yi wasiyya kada a buɗe takardunsa sai bayan shekara 20, aka kuwa buɗe su a 2001 a babban ɗakin karatu na ƙasa da ke Zagreb. Gidansa na Gvozd ya zama wurin tunawa da shi da Bela.

Yugosilabiya, ƙasar da ya yi wa hidima, ta wargaje cikin jini daga 1991. A sabuwar Kuroshiya wasu sun so a ture shi don ɗan kwaminis ne, wasu sun riƙe shi don ya tsaya wa harshe. Cibiyar da ya kafa tana nan tana aiki da sunansa, ta kuma buga kundin ilimi guda a kansa shi kaɗai, mai suna Krležijana. Ayyukansa sun cika juzu'i 50 a bugun Sarajevo: waƙoƙi, wasanni, labarai, maƙaloli, da rubutun yau da kullum. Jimlolinsa dogaye ne, cike da sunaye da harsuna, shi ya sa fassara shi take da wuya, sunansa kuma bai yaɗu a duniya kamar yadda ya cancanta ba. Duk da haka wanda yake karanta Faransanci zai iya samun wasu daga cikinsu: Le retour de Philippe Latinovicz, Mars dieu croate, Banquet en Blithuanie, da labarin lauyan nan, wanda aka sa wa suna Je ne joue plus.

Tarihin Krleža ba na waliyyi ba ne. Ya ji tsoro a 1941, ya yi shiru a wuraren da ya kamata ya yi magana bayan 1945. Amma a kan abu ɗaya bai sāke ba daga ƙuruciya har tsufa: bai yarda hafsa ko sarki ko sakataren jam'iyya ya gaya masa abin da zai rubuta ba. Gwamnatoci huɗun da ya zauna ƙarƙashinsu duk sun shuɗe, manoman Zagorje da ya rubuta kuwa suna nan cikin littafi, yara suna karanta su da harshen kakarsa.